Abin da Ke Riƙe Mutum: Nima da Maamobi a Ma'aunin Durkheim

Idan aka wayi gari da labarin cewa wane ya halaka kansa da hannunsa, abin da bakin jama'a ya saba faɗa ba ya wuce uku ko huɗu: wannan ya ce sammu aka yi masa, wancan ya ce bashi ne ya yi masa katutu, wata ta ce taɓin hankali ne da danginsa suka daɗe suna rufewa, malami kuwa ya ce raunin imani ne da waswasin Shaiɗan, kuma ko da yake kowace magana daga cikin waɗannan tana iya zama gaskiya game da mutum guda, duk sun haɗu a kan abu ɗaya, watau neman sababin a cikin ƙirjin mamacin shi kaɗai, sai ka ce ba shi da gida, ba shi da unguwa, ba shi da waɗanda yake gaisawa da su da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa waɗanda ke mutuwa ta wannan hanya sun haura 700,000 kowace shekara, a ƙididdigar 2019 kuwa wajen kashi 77 cikin ɗari nasu a ƙasashen da ba su kai ga wadata ba suke, saboda haka bai kamace mu ba mu ci gaba da ɗaukar mas'alar a kan ciwon Turawa ne wanda bai san hanyar unguwanninmu ba.

Mutumin da ya juya tambayar, ya ɗauke ta daga kan mamaci ya ɗora ta a kan jama'ar da mamacin ya rayu a cikinta, wani Bafaranshe ne mai suna Emile Durkheim, ɗan limamin Yahudawa, wanda aka haifa a garin Epinal a 1858, ya koyar a jami'ar Bordeaux, sa'an nan ta Sorbonne a Paris, ya mutu a 1917. Abin da ya ja hankalinsa shi ne, idan aka bi kundin mace-mace na ƙasa guda shekara bayan shekara, sai a tarar adadin masu kashe kansu ba ya motsawa sosai, alhali mutanen bara ba su ne na bana ba, ba su san juna ba, balle su yi shawara. Idan kuma aka tsallaka iyaka, sai a tarar maƙwabciyar ƙasa ita ma tana da nata adadin da ta dawwama a kai. Da taimakon ɗan 'yar'uwarsa, Marcel Mauss, wanda ya zauna ya tantance takardun mamata wajen 26,000 daga ma'aikatar shari'a ta Faransa, ya fitar da littafinsa Le Suicide a 1897, inda ya nuna cewa tuzuru da gwauro sun fi mai iyali faɗawa cikin wannan halaka, mai aure marar 'ya'ya ya fi mai 'ya'ya, mabiya ɗarikar Furotesta sun fi 'yan Katolika, Yahudawa kuwa, duk da tsangwamar da suke sha a Turai ta wancan zamani, su ne mafi ƙaranci. Abin ya kan ragu lokacin yaƙi, sa'ad da mutanen ƙasa ke jin kansu abu ɗaya, ya kan kuma ƙaru lokacin da kasuwa ta karye, har ma lokacin da arziki ya faɗo wa mutane bagatatan.

Hukuncin da ya yanke daga wannan bahasi shi ne ɗan Adam yana bukatar abu biyu daga jama'arsa. Yana bukata ta rungume shi, ya zama akwai masu jiransa, masu cigiyarsa, masu dogara gare shi. Yana kuma bukata ta sa wa burinsa linzami, domin zuciyar da ba a yi wa iyaka ba ba ta ƙoshi, wanda ba ya ƙoshi kuwa ba ya hutawa. Idan rungumar ta yi sako-sako, mutum ya kan wayi gari ba wanda yake rayuwa dominsa, sai rayuwar ta rasa ma'ana a idonsa; idan linzamin ya tsinke, kamar yadda ya kan faru sa'ad da zamani ya juya farat ɗaya, mutum ya kan rasa abin da zai auna kansa da shi, ya faɗa cikin takaici marar ƙarshe. Bai tsaya nan ba, ya ce kowane ɗaya daga cikin biyun idan ya wuce kima shi ma halaka ne: jama'a tana iya haɗiye mutum har ya daina ganin ransa a bakin kome, ya sadaukar da shi don ƙungiya, ƙa'ida kuma tana iya matse shi har ya daina hango mafita, irin halin bawa. Wannan hanyar nazari, wadda ke kallon al'umma kamar jiki ɗaya, kowace gaɓa da aikin da take yi wa sauran, ita ce mazhabar da malaman ilimin zamantakewa suka fi bi har tsakiyar ƙarni na 20. Ɗalibin da ya karanta Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wadda aka rubuta a 1377, ba zai ji ta baƙuwa ba, gama shi ma malamin Tunis a kan asabiyya, watau damƙuwar zumuncin jama'a, ya rataya tashin dauloli da faɗuwarsu.

To, wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya nufi Nima da Maamobi, unguwanni biyu da ke manne da juna a tsakiyar Accra, babban lambatu ya ratsa tsakaninsu, abin da zai fara zato shi ne ya iso matattarar kaɗaici, domin wuri ne da baƙi suka kafa, kuma har gobe baƙi ke sauka cikinsa. Asalin irin waɗannan unguwanni da ake kira zango a ƙasar Ghana fataucin goro ne, ayarin da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu, wasu Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Kumasi, wasu bakin teku, inda suka tarar da tsofaffin sojan Hausa waɗanda Ingilishi suka kawo daga Ikko don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A Accra, Malam Bako, ɗan Malam Neno Bakatsine, ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima kuwa ta soma ne wajen 1931, sa'ad da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, ta kuma cika ta batse lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sansanin sojan Amurka da gidajen Turawa na kusa suka buɗe ƙofar aikin kuku da boyi da gadi da lebura. Har zuwa 1951 tana wajen iyakar hukumar birni, ba mai auna mata titi, ba mai ja mata ruwa, kowa ya gina inda ya samu, shi ya sa har yau yawancin lungunanta ba sa ɗaukar mota, wasu ma mutum biyu ba sa iya jerawa.

Amma abin da ya auku akasin zaton ne, domin baƙin nan, da yake sun ɗanɗani zafin baƙunci, sai suka tanadar wa baƙo dangi tun kafin ya iso. Saurayin da ya sauka a tasha daga Dosso ko Sokode ko Bawku, da ƙullin kayansa a hannu, tambaya ɗaya kawai yake bukata, ina gidan sarkin mutanenmu, gama Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Moshi da Dagomba da Wangarawa da Fulani kowa da sarkinsa. Sarki ya miƙa shi ga wani mai gida, mai gida ya ba shi tabarma a zaure ko a ɗakin samari, ya ci daga tukunyar gidan, da safe a haɗa shi da dillali ko mahauci ko mai shago. Kuɗinsa a hannun mai gida yake ajiye su, in ya yi rigima mai gida ke zuwa caji ofis ya tsaya masa, in ya tashi aure mai gida ke nema masa, in ya rasu mai gida ke sayen likkafani ya aika wa mutanensa. Kafin wata ya zagayo ya fara ce wa mai gidan Baba, ya ce wa uwargida Mma, ƙananan 'ya'yan gidan suna ce masa Yaya. Wannan tsari ne mai bincike Abner Cohen ya bayyana a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, Enid Schildkrout ta bi shi a zangon Kumasi a 1978, Deborah Pellow kuma a Sabon Zangon Accra a 2002, duk suka tarar da abu ɗaya, cewa zumuncin da aka ƙulla da zama yana ɗaukar nauyin da zumuncin jini ke ɗauka a ƙauye. Mata su ma da nasu, adashi da gudummawar biki da suna, wanda ba a rubuta ba amma ba a mantawa. Ranar rasuwa kuwa a kan kafa rumfa a toshe layi, a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, har mai sayar da koko da ƙosai na bakin hanya ta san wanda ya zo da wanda bai zo ba.

A kan addini ne nake so mai karatu ya tsaya ya auna maganar Durkheim da kyau. Shi a ganinsa, tun da Furotesta da Katolika duk sun haramta kashe kai daidai wa daida, to bambancin adadinsu ba daga aƙida ya fito ba, daga yawan cuɗanya ne da ibadar tarayya. Ban yarda cewa aƙida ba ta da nauyi ba, domin Musulmin da ya tashi yana jin hanin da ke cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, da gargaɗin da ya zo a hadisai, aka kuma koya masa tun yana makarantar allo cewa yanke ƙauna daga rahamar Allah babban zunubi ne, lalle yana da katangar da ke tsayar da shi ko da yana shi kaɗai a cikin dare. Amma fa Bafaranshen ya hango wani abu da mu muka saba da shi har muka daina ganinsa, watau cewa jam'in salla sau biyar a yini, bayan ladarsa, ƙidayar mutane ce da ba ta da irinta. Dattijon da bai fito Asuba ba kwana biyu a jere, kafin hantsi ya ɗaga an aiko yaro ya leƙa ɗakinsa. Magidancin da ya daina tsayawa gaisuwa bayan Magariba, wani zai ja shi gefe ya ce, Malam, lafiya kuwa? Wazifar 'yan Tijjaniyya da zikirin yammacin Juma'a, da darussan Ahlus Sunna, da tafsirin watan azumi da buɗa-baki a ƙofar masallaci, duk suna wannan aiki, ko da masu yinsu ba shi suka nufa ba.

Wancan ɓangare na linzami kuwa, zango ya ga tsinkewarsa da idonsa sau biyu cikin ƙarni guda. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Ghana ta Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, mutane dubbai masu yawa suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, aka raba maigida da yaransa, aka raba miji da mata, waɗanda aka haifa a Nima aka ce su koma garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 kuma Nijeriya ta kori 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya, suka dawo cikin shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Irin wannan juyi ne Durkheim yake nufi, inda attajirin jiya ya wayi gari yana neman na cefane, abin da aka saba auna mutunci da shi ya daina aiki, ɗa ya ga ubansa bai iya kare shi ba.

Daga nan ne mas'alar fanɗarewa ta shigo. Tun a 1895 Durkheim ya faɗi maganar da ta fusata mutanen zamaninsa, cewa babu al'ummar da ba ta da laifi, ba kuwa za a taɓa yin ta ba, domin ko da za a tara waliyyai zalla a gari ɗaya, ƙananan kura-kuran da mu ba mu damu da su ba su za su zama manyan laifuffuka a wurinsu. Ya ƙara da cewa hukunta mai laifi yana sabunta wa sauran jama'a iyakokinsu, yana haɗa kansu, wani lokaci ma wanda aka kira ɗan tawaye yau shi ke share hanyar gyara ta gobe, mu kuwa da muka san yadda fadar Gobir ta ɗauki jama'ar Shehu Usmanu kafin hijirar Gudu a 1804 ba ma bukatar a kawo mana hujja daga nesa. Sa'an nan a 1938 wani Ba'amurke, Robert Merton, ya ɗora a kan wannan harsashi, ya ce idan al'umma ta nuna wa kowa buri ɗaya, watau dukiya da suna, amma ta buɗe halastacciyar hanyar kai wa gare shi ga kaɗan kawai, to ita da kanta ke tura sauran. Wasu su daure su bi ƙa'ida, wasu su riƙe burin su canza hanya, wasu su saki burin da hanyar baki ɗaya su koma ga maye, wasu su tayar da kayar baya.

Da wuya a sami wurin da wannan bayani ya fi zama daram kamar Nima, domin yaron da ya fito daga lungu ya tsaya bakin titi, fadar shugaban ƙasa tana nan kusa da shi, manyan gidajen Roman Ridge da Cantonments da unguwar filin jirgin sama tafiyar ƙafa ce, wayar da ke hannunsa kuma tana nuna masa tsaransa da suka tsallaka Turai. Ya san Mohammed Kudus a waɗannan lunguna ya fara buga ƙwallo kafin ya kai Ajax da West Ham, amma ya san irin Kudus ɗaya ne cikin dubbai. Keith Hart, Baturen Ingila da ya zauna Nima tsakanin 1965 da 1968 yana nazarin Frafra 'yan ci-rani, ya nuna a maƙalarsa ta 1973 cewa waɗanda gwamnati ke lissafawa marasa aiki ba zaune suke ba, suna neman abinci ta hanyoyi barkatai, wasu halal, wasu haram, sau da yawa mutum ɗaya yana taka duka biyun a rana ɗaya. Abin da ya canza daga zamaninsa zuwa yau shi ne girman burin da kayan aikin: damfarar intanet da ake kira sakawa, ƙwayar tramol da ta addabi samari har hukuma ta tashi tsaye a 2018, gadin filaye da makami, da bangar siyasa wadda sai da majalisa ta yi mata doka a 2019, bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon.

Sai dai wanda ya ce waɗannan samari ba su da jama'a bai zauna a bes ba, watau dandalin da Kanawa ke kira majalisa, mutanen Nijar kuma fada. Benci biyu ne ko uku a gindin bango, da murhun gawayi, da 'yar butar shayin ataya. Ƙaramin cikinsu ke dafawa, yana ɗaga butar sama yana zubawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, zagayen farko mai ɗaci a miƙa wa babba, na ƙarshe mai zaƙi ya isa ga kowa. A nan ake jin inda ake neman direba, a nan ake haɗa wa wanda matarsa ta haihu kuɗin rago, a nan ake tara na beli, wanda ya kwana biyu bai zo ba kuwa a bi shi har ɗaki. Kowane bes da sunansa da shugabansa da iyakarsa, kuma yawancinsu ba abin da ke fita daga cikinsu sai hira da ƙwallo da aikin gayya. Amma wannan amanar da ke hana saurayi kwana da yunwa ita ce kuma ke hana shi ja da baya ranar da aka ce an taɓa ɗan bes, kamar yadda duniya ta gani a watan Janairu na 2022, sa'ad da gungun samari biyu suka yi arangama da adduna da bindigogi a titin Nima da Maamobi da rana tsaka. A ganina, rungumar tana nan da ƙarfinta, abin da ya raunana shi ne linzamin, domin mai gidan da a dā yake ba da aiki da aure, saboda haka ake jin tsawarsa, yau ba shi da abin bayarwa, ɗan siyasa kuwa yana da shi. Ƙarshen wannan hanya, inda ƙungiya ke haɗiye mutum ɗungurungum, shi ne ƙunar baƙin wake da Nijeriya ta fara gani a hedkwatar 'yan sanda ta Abuja ranar 16 ga Yuni 2011, ko da yake yawancin 'yan matan da aka tura daga baya tilasta su aka yi, ba su shiga wannan lissafi ba.

Akwai kuma abin da wannan mazhaba ba ta cika gani ba, watau wane ne ke riƙe da alƙalamin da ake rubuta sunan mai laifi da shi. Ɗan zango ya san yadda fuskar mai ɗaukar ma'aikata ke canzawa idan ya faɗi unguwarsu, ya kuma san cewa a watan Yuli na 2018 'yan sanda sun harbe mutum bakwai 'yan zangon Asawase na Kumasi a Manso Nkwanta da sunan 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa kuwa bai sami hujjar hakan ba. Unguwar da aka bari shekara ashirin ba titi ba famfo, sa'an nan aka dawo ana kiranta maɓoyar ɓarayi, an zalunce ta sau biyu.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne wanda ba a faɗa. Kusancin da ke tsare mutum daga kaɗaici shi ne kuma ke haifar da kunya, domin inda kowa ya san kowa, faɗuwar mutum ba ta da wurin ɓuya. Mensah Adinkrah, masanin zamantakewa ɗan Ghana, ya bi rahotannin masu kashe kansu a faɗin ƙasar, ya nuna a 2012 cewa mafi yawansu maza ne, kuma abin da ke maimaituwa a labarinsu gudun abin kunya ne: karayar arziki, bashi, kasa ɗaukar nauyin iyali, zargin laifi, raunin mazakuta. Magidancin zango da aka saba gani yana yanka rago kowace Layya, wanda baƙi ke ci a gidansa, idan jarinsa ya karye wa zai gaya wa, alhali an tarbiyyantar da shi a kan namiji ba ya kuka, kuma duk wanda ya buɗe wa cikinsa zai sake haɗuwa da shi a sahu? Ta ɓangaren mata kuwa, nau'in nan na matsi, wanda Durkheim ya taƙaita shi a ɗan bayanin ƙasan shafi don yana ganin ba shi da yawa a Turai, a wurinmu babi ne sukutum: yarinyar da aka yi wa auren dole, matar da ta kai ƙara gidansu aka ce ta koma ta yi haƙuri, 'yar kayayo da ta zo daga arewa tana dakon kaya a kasuwa, tana kwana a barandar shago. Sa'an nan tun a 1967 wani masani, Jack Douglas, ya yi wa Durkheim gyara mai ƙarfi, ya ce inda zumunci ya fi damƙuwa nan ne dangi suka fi iya rufe sababin mutuwa, saboda haka ƙarancin adadi a takarda wani lokaci alamar ƙarfin sutura ne kawai. A al'ummar da ke binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, wadda kuma ke ƙin a yanka gawa, wannan gyara ya fi nauyi, shi ya sa ba na karɓar maganar mai cewa wannan abu ba ya faruwa a zango.

Shekara fiye da sittin dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, a sashe na 57, tana ɗaukar wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba a matsayin mai laifi, a ɗauke shi daga gadon asibiti a kai shi gaban alƙali, abin da ya ƙara wa iyalai dalilin yin shiru. A watan Maris na 2023, bayan doguwar fafutukar likitoci da malaman jami'ar Legon irin su Joseph Osafo da Charity Akotia, majalisa ta soke wannan hukunci, ta mayar da shi mai bukatar kulawa ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012. Nijeriya kuwa sashe na 327 na dokar kudu da na 231 na dokar arewa sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Gyaran na Ghana bai saɓa wa fiƙihu ba, domin jumhurun malamai sun tafi a kan cewa wanda ya kashe kansa, duk da girman zunubin, bai fita daga Musulunci ba, a yi masa wanka, a yi masa salla, a binne shi cikin Musulmi, ƙin sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa wani irin wannan mamaci, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, malamai sun fassara shi a kan tsoratarwa ga masu rai. Wanda kuwa hankalinsa ya gushe ba mukallafi ba ne. Ciwon baƙin ciki mai tsanani cuta ce da ake warkarwa, a nan likitocin yau sun fi Durkheim gaskiya, wanda ya rage wa cutar ƙwaƙwalwa matsayi fiye da kima, kuma wajibi ne a kan wanda ya ji ɗan'uwansa yana maganar gajiya da rayuwa ya zauna da shi, ya saurare shi ba tare da tsawa ba, ya raka shi wurin likita, addu'a da magani ba sa korar juna. Amma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Accra tun 1906, na Ankaful tun 1965, na Pantang tun 1975, dukansu a kudu, mai kai mutum can kuwa dole sai wanda ya lura da shi tun farko.

Masu lurar nan su ne ke raguwa, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya nemi ɗaki a Accra. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida gaba ɗaya, amma mai neman ɗaki ya san sai ya kawo na shekara ɗaya ko biyu. Gidan da kaka ya gina don saukar baƙi magada sun raba shi ɗaki-ɗaki, zaure ya zama shago, ɗakin samari ya zama na haya. Sabbin ma'aurata suna ƙaura zuwa Kasoa da Ashaiman da Amasaman, su fita neman motar haya ta tiroto tun kafin Asuba, su dawo bayan Isha'i, Nima sai ranar suna ko jana'iza. Wasu samari kuma sun bi ta Agadas zuwa Libiya, inda ba sarkin mutanensu, ba wanda ya san sunan ubansu. Gwamnati ta kafa Asusun Raya Zanguna a 2017, abin da kuɗi ke iya ginawa kuwa, aji da titi da filin ƙwallo, ana bukatarsa ƙwarai. A sababbin unguwannin nan masallaci ya kan tashi da wuri, sarkin zango ma a naɗa shi, mata su ƙulla adashi, samari su kafa bes. Mai gidan da zai ba baƙo tabarma da tuwo ba tare da ya nemi kuɗin shekara biyu ba, shi ne har yanzu ba a ga magajinsa ba.